Fili na ɗaukar mutum shida, me ya sa koci ke neman 18?

Tambayar da aka aiko ita ce: a ƙwallon raga ta mata a jami'o'in Amurka, wato bolibol, 'yan wasa shida ne kawai ke tsayawa a fili, to me ya sa manyan jami'o'i irin su Nebraska da Texas da Wisconsin ke rige-rigen ɗauko fitattun 'yan mata kowace shekara, alhali wasunsu a benci za su ƙare? Mai tambayar ya ƙara da cewa a ganinsa wannan ɓarna ce ta kuɗi da kuma ta baiwar da Allah ya yi wa yaran.

Malam, zan fara da inda na saɓa maka, daga baya in zo inda nake ganin ka yi gaskiya. Lissafin shida ɗin nan shi ne ya fara kawo ruɗani. Shida ne a fili a kowane lokaci, amma waɗanda ke buga wasa guda a ƙarƙashin dokokin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, sun fi haka. A wasannin ƙasa da ƙasa, dokar da aka saba da ita ta ba ƙungiya canji shida kacal a kowane zubi (wato kowane kashi na wasan), kuma wadda aka cire sau ɗaya kawai take iya dawowa. A jami'o'in mataki na ɗaya kuwa koci yana da canji 15 a kowane zubi, kuma 'yar wasa tana iya fita ta dawo sau da yawa, muddin gurbin da ta bari za ta koma. Ban da wannan akwai libero, mai riga ta wani launi dabam, wadda ke shiga layin baya tana fita ba tare da an ƙirga mata canji ba. An shigo da ita wasan jami'o'i a 2002, kuma tun 2024 aka yarda ƙungiya ta sa sunan libero biyu, ko da yake ɗaya ce ke kasancewa a fili a lokaci guda.

Amfanin wannan yalwar canji ba zai fito ba sai an tuna yadda ake juyawa. Duk lokacin da ƙungiya ta ƙwace sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, daga abokiyar karawarta, 'yan wasanta suna matsawa gurbi ɗaya, don haka kowace tana yin juyi uku a gaban raga, sannan ta yi uku a layin baya. Tsayin ragar mata mita 2.24 ne, kuma yarinyar da ta kai mita 1.93 tana iya zama bala'i a gabanta, ta tare bugu, ta kuma sauke nata daga sama, amma idan juyi ya kai ta baya aka auno ta da sabis mai sauka a gwiwa, sau da yawa sai ka ga ta zama ƙofar da maki ke zurarewa. A wasan ƙasa da ƙasa dole ta koyi jure wa wannan. A jami'a koci cire ta yake yi, ya sa wata gajeriya mai saurin ƙafa wadda aikinta karɓar sabis da ceto ƙwallo daga ƙasa, bayan juyi uku ya mayar da doguwar.

Akwai tsari biyu da ake bi. A na farko, wanda ake kira 5-1, seta ɗaya ce, wato mai ɗaga wa masu bugu ƙwallo, kuma ba ta fita daga fili. A na biyu, 6-2, seta biyu ake amfani da su, kowace tana wasa ne daga layin baya kawai. Da zarar juyi ya kawo ta gaban raga, sai ka ga 'yan mata biyu sun taso daga benci sun tsaya a bakin layi suna jiran usur ɗin alƙali na biyu: ɗaya mai bugun gefen dama ce da za ta maye gurbin setar, ɗayar kuma sabuwar seta ce da za ta shiga baya. Ribar wannan ita ce kullum akwai masu bugu uku a gaban raga. Tsadarsa kuma ita ce canji biyu a kowane juyi uku. A zubin da aka yi kankankan har zuwa maki 25, ƙungiya tana iya juyawa wajen sau 15, ka ga canji goma sun tafi ke nan a kan setoci kaɗai. Idan koci yana cire ɗaya daga masu bugun gefen hagu a layin baya, sauran biyar ɗin ma sun tafi, kuma idan zubin ya zarce zuwa 28 da 26 sai ya wayi gari da gajeriyar yarinya a gaban raga ba shi da ikon cire ta. Wisconsin, a ƙarƙashin Kelly Sheffield, ta yi wannan tsari a 2022 da 2023 da setoci Izzy Ashburn da MJ Hammill. Ƙungiyar da ke yin haka tana amfani da mutum goma ko 11 a wasa ɗaya ba tare da kowa ya ji rauni ba, mai bin 5-1 kuma takwas zuwa goma.

Wani dalilin ba ya fitowa a talabijin, domin a ɗakin atisaye yake. Kafin koci ya gwada tsarinsa yadda zai kasance ranar wasa, yana buƙatar shida a wannan gefen raga, shida a wancan, wato 12 masu lafiya, kuma a cikinsu dole a sami seta biyu da masu tare tsakiya huɗu, in ba haka ba mataimakin koci ne zai cike gurbi. Ba cika adadin kaɗai ake nema ba. Idan masu bugun ƙungiyar farko sun shafe mako suna bugu a kan katangar da ba ta kai tsayin wadda za su haɗu da ita ranar Asabar ba, za su saba da bugun da ba zai wuce ba. Idan sabis ɗin da ake yi musu a atisaye mai laushi ne, ranar da suka gamu da mai ƙarfi za su watse. A wasan ƙarshe na 2023 a Tampa, Texas ta ci Nebraska zubi uku babu ko ɗaya, kuma sabis 12 na Texas sun ci maki kai tsaye. Wannan ya nuna yadda wasa ke lalacewa tun daga taɓawar farko, kuma ba a shirya wa irin wannan sabis sai da masu irinsa a cikin gida. Yarinyar da kake gani a benci ranar wasa ta yi aikinta tun daga Litinin zuwa Alhamis.

Sai maganar rauni. Kaka tana farawa ƙarshen Agusta ta kai tsakiyar Disamba, yawanci wasa biyu a mako, kuma tun 2024 da Big Ten, ɗaya daga rukunonin jami'o'in da ke karawa da juna, ya zama jami'o'i 18, ƙungiya daga Pennsylvania tana iya hawa jirgi zuwa Los Angeles ko Seattle ta dawo aji. Gasar ƙasa kuma ƙungiyoyi 64 ne, sai an ci wasa shida a jere cikin makonni uku. Gwiwa da idon sawu da kafaɗa da baya ba sa ɗaukar wannan duka ba tare da wata ta faɗi ba. A Disambar 2024, a wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Louisville da Pittsburgh, Anna DeBeer, wadda ita ce ginshiƙin Louisville, ta ji rauni a idon sawu a farkon zubi na huɗu. Dani Busboom Kelly, kocinsu a lokacin, ta tura Payton Petersen, 'yar shekarar farko wadda ba ta cika samun wasa ba a kakar, kuma yarinyar ta yi sabis biyu a jere da suka ci maki, Louisville ta kai wasan ƙarshe. Kwana uku bayan haka, ba tare da DeBeer ba, sun ƙwaci zubi na biyu da 34 da 32, amma Penn State ta ɗauki kofin da uku da ɗaya. Abubuwa biyu nake gani a nan. Benci mai kyau yana iya ceton zubi ɗaya ko wasa ɗaya. Amma 'yar wasan da ta shekara biyar tana karɓar sabis, tana bugu, tana kuma jagorantar sauran a fili, babu wadda za ta taso daga benci ta ɗauki dukkan waɗannan ayyuka a kwana uku.

Idan raunin ya zo da wuri, labarin yakan bambanta. A farkon kakar 2021 Wisconsin ta rasa Danielle Hart, mai tare tsakiya, saboda tsinkewar jijiyar gwiwa. Wannan ya buɗe wa Anna Smrek ƙofa, 'yar Kanada mai tsayin mita 2.06 wadda shekararta ta farko ke nan. Ta sami watanni tana wasa kafin Disamba, kuma a ƙarshe ita aka ba kyautar gwarzuwar gasa lokacin da Wisconsin ta doke Nebraska da uku da biyu a Columbus ta ɗauki kofinta na farko. Wanda ya dubi jerin sunayen Wisconsin a watan Agusta, ga Dana Rettke ga Hart ga Devyn Robinson, da ya yi irin tambayarka game da Smrek.

Sai dai gurabun ba ɗaya suke ba, kuma a nan ne ake gane kocin da ya san abin da yake tarawa. Masu bugun gefen hagu su ne suka fi kowa shan wahala, domin su ake jefa wa duk ƙwallon da ta lalace, suna kuma karɓar sabis, saboda haka biyu ke farawa amma huɗu ba su yi yawa ba, musamman da yake ana iya mayar da ɗaya gefen dama. Wisconsin ma ta mayar da Julia Orzol, 'yar Poland, daga mai bugu zuwa libero a 2023. Masu tare tsakiya suna buƙatar lokaci, domin karanta hannun setar abokan hamayya ba ya samuwa a shekara ɗaya, kuma dogayen yara kan makara kafin jikinsu ya haɗu, don haka ba laifi ba ne a ɗauko ɗaya a jingine mata shekarar farko. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ta ba 'yar wasa shekara biyar ta buga kaka huɗu a ciki. A wannan gurbi ne Foluke Akinradewo ta Stanford da Chiaka Ogbogu ta Texas suka yi suna, dukkansu iyayensu 'yan Nijeriya ne, kuma suna cikin tawagar Amurka da ta ci zinare a Olympics na Tokyo. Matsalar gaske tana wajen seta. A tsarin 5-1 mutum ɗaya ke taɓa kusan kowace ƙwallo ta biyu, kuma idan 'yar shekarar farko ta kama gurbin, kamar yadda Bergen Reilly ta yi a Nebraska a 2023, an rufe ƙofar ke nan shekara huɗu. Dole a sami ta biyu saboda atisaye da tsautsayi, amma wadda ta isa ta riƙe ƙungiya ba za ta so zama ba, wadda za ta zauna cikin jin daɗi kuma sau da yawa ba ta isa ba. Shi ya sa masu hankali ke barin tazarar shekara biyu ko uku tsakanin manyan setocinsu.

Yanzu ga yadda ake ɗauko su, domin shi ma yana tura koci ga tarawa. 'Yan mata sama da 450,000 ke buga wannan wasa a makarantun sakandare na Amurka, amma ba a makaranta kociyoyi ke farautarsu ba. A ƙungiyoyin kulob masu zaman kansu ake ganinsu, inda iyaye ke kashe dubban daloli a shekara, kuma a manyan gasanni irin ta ƙungiyar wasannin matasa ta AAU a Orlando, inda ake shimfiɗa filaye sama da 100 a ƙarƙashin rufi ɗaya. Koci yakan tsaya a bakin fili da takardarsa, kuma ba makin da ke kan allo yake kallo ba. Yana duba inda hannun yarinya ke kaiwa idan ta yi tsalle, domin a manyan jami'o'i ana son mai bugu ta taɓa wajen mita 3.05 ko fiye. Yana duba yadda kafaɗarta ke juyawa da yadda take sauka a ƙafafunta, da kuma abin da fuskarta ke yi bayan ta ɓarar da ƙwallo biyu a jere. Kafin 2019 abin ya kai ga yara 'yan shekara 13 ko 14 suna yi wa jami'a alkawari da baki. Dokar da aka kafa a wannan shekara ta hana koci magana da yarinya sai ranar 15 ga Yuni bayan ta gama aji na biyu cikin huɗu na babbar sakandare, ziyarar jami'a kuma sai daga 1 ga Agusta. Abin da ya biyo baya shi ne wayoyin fitattun yara suna fara ruri tun daren 15 ga Yunin, kuma da yawansu sun zaɓi jami'a kafin wata ya ƙare.

Ka lura da shekarun. Yarinyar tana da kimanin 16 a lokacin, sai bayan shekara biyu za ta iso jami'a, kuma mai yiwuwa sai ta kai 20 za ta zama abin da aka hango. Alkawarin baki ba ya ɗaure kowa sai an sa hannu a takarda a shekararta ta ƙarshe. A tsakanin nan wata za ta ƙara tsayi, wata ta tsaya, wata gwiwarta ta tsinke, wata kuma ta iso ta ga karatu da nisan gida sun fi ƙarfinta. Masu jera sunayen yara daga ta ɗaya zuwa ta ɗari suna yin aikinsu, amma suna auna yara ne a kan sa'o'insu. Kocin da ya ɗauko mutum ɗaya tak don kowane gurbi ya jingina aikinsa ga hasashen da aka yi shekara huɗu da suka wuce.

Game da kuɗi, ba kamar yadda kake zato ba ne. Shekaru da yawa doka ta ƙayyade wa kowace jami'ar mataki na ɗaya tallafin karatu 12 a wannan wasa, kuma duk wadda aka ba ko kaɗan an ƙirga ta cikin 12 ɗin, don haka a manyan jami'o'i cikakke ake bayarwa. Tushen wannan yana komawa ga dokar 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma jami'ar da take ba maza tallafi 85 a ƙwallon Amurka a lokacin dole ta nemi inda za ta daidaita. Sauran 'yan wasan da suka haura 12 da kuɗin iyayensu suke karatu, kuma yawancinsu masu tsaron baya ne, sau da yawa 'yan jihar. A Yunin 2025 Mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wato ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda ya soke iyakar tallafin ga jami'o'in da suka shiga tsarin, ya maye ta da iyakar yawan 'yan wasa, kuma a ƙwallon raga ta mata 18 ne. Jami'a tana iya ɗaukar nauyin duka 18 ɗin idan tana da hali, tana kuma iya biyan 'yan wasanta kai tsaye daga abin da bai wuce kimanin dala miliyan 20.5 ba a shekarar farko, ko da yake a mafi yawan wurare ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando na maza ne ke kwashe kaso mafi tsoka. A ganina wannan zai ƙara tazara tsakanin 'yan tsirarun da ke cika ɗakin wasa da sauran ƙungiyoyi sama da 300. Nebraska, wadda ta tara mutum 92,003 a filin Memorial ranar 30 ga Agusta, 2023, tana iya biyan ta 16 a jerinta, amma ƙaramar jami'a ko 12 ɗin da ma ba lallai ta cika ba.

Inda ka yi gaskiya shi ne a nan. A da benci kamar rumbu yake, abin da koci ya zuba zai same shi idan rani ya yi. Yanzu ba haka ba ne. Tun Oktoban 2018 akwai rajistar sauya sheƙa, inda 'yar wasa ke sa sunanta kowace jami'a ta sami damar kiranta. Tun Yulin 2021 tana iya samun kuɗi da sunanta da hotonta. Tun 2024 kuma babu iyaka ga yawan sauyin da za ta yi ta ci gaba da wasa nan take, muddin karatunta yana kan hanya. Wadda ta ga shekara biyu za su wuce tana tafi a benci ba ta da dalilin haƙuri, balle yanzu da ake da ƙungiyoyin ƙwararru a cikin Amurka waɗanda ba za su ɗauki wadda ba su gani a fili ba.

Babu misalin da ya fi na Nebraska da Penn State fitar da wannan fili. A 2023 John Cook, kocin Nebraska a lokacin, yana da ƙungiyar da babu 'yar shekarar ƙarshe ko ɗaya a cikinta, kuma ta kai wasan ƙarshe. Caroline Jurevicius tana cikin sababbin da suka zo a shekarar, amma Merritt Beason, wadda ta sauyo daga Florida, ta riƙe gefen dama, sai aka jingine wa Jurevicius shekarar. Maggie Mendelson kuma tana bayan Bekka Allick da Andi Jackson a tsakiya. Da kaka ta ƙare dukkansu biyu suka koma Penn State, inda mahaifin Jurevicius ya taɓa buga ƙwallon Amurka. Shekara guda bayan haka jami'o'in biyu suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe a Louisville. Nebraska ta ci zubi biyu na farko, ta kuma kai 22 da 16 a na huɗu, har ta sami damar rufe wasan sau biyu, amma Penn State ta ƙwace zubin da 28 da 26, ta ci na biyar da 15 da 13. Jurevicius ta yi bugu 20 masu cin maki a wannan dare, Mendelson kuma tana tsakiyar raga. Kusan duk masu bugun wannan ƙungiya daga wani wuri suka zo: Jess Mruzik daga Michigan, Camryn Hannah daga Clemson, Taylor Trammell daga Purdue. Da su Katie Schumacher-Cawley ta zama mace ta farko da ta ɗauki wannan kofi a matsayin babbar koci, a kakar da take jinyar sankarar mama, kuma shi ne na takwas ga Penn State.

Ba na ganin Cook ya yi kuskure da ya ɗauko waɗannan yara, kuma ba na ganin su sun yi butulci da suka tafi. Abin da ya sauya shi ne tsawon lokacin da ƙungiya ke iya riƙe fitacciya ba tare da ta ba ta fili ba, kuma a yau bai fi shekara ɗaya zuwa biyu ba. Kocin da ya jibge manyan sunaye uku a gurbi ɗaya kuma 'yan aji ɗaya, ya sani cewa yana horar da ɗaya daga cikinsu ne ga wata jami'a, mai yiwuwa ma a cikin rukuninsa. Wannan ita ce ɓarnar da ta wanzu, kuma a kan jami'ar take faɗawa fiye da kan yarinyar, wadda yanzu tana da mafita. 'Yan ko-ta-kwanan da ke daɗewa su ne waɗanda aka gaya wa gaskiya tun ranar farko, aka kuma ba su wani aiki ƙarami amma tabbatacce, kamar shiga yin sabis a ƙarshen zubi ko tsaron baya na juyi uku. Kennedi Orr ta zo Nebraska a 2021 a matsayin ɗaya daga fitattun setocin ƙasar, ba ta kama gurbin ba, amma ta zauna har ta gama tana shiga yin sabis. Irinta ba su da yawa, kuma koci ba zai gina tsari a kan zaton zai same su ba.

Hanyoyi biyu ne na haɗa ƙungiya, kuma kowace ta kai ga kofi. Stanford, mai kofi tara, ta ɗauko Kathryn Plummer da Jenna Gray da Morgan Hentz da Audriana Fitzmorris a aji ɗaya, kowace a gurbinta dabam, suka shiga fili tun shekarar farko, suka ci a 2016 da 2018 da 2019. Texas a ƙarƙashin Jerritt Elliott kuwa, a 2022, ta riƙe nata irin su Logan Eggleston da Asjia O'Neal, sannan ta cike gurabun da suka rage daga waje: Madisen Skinner daga Kentucky, Zoe Fleck daga UCLA, Kayla Caffey daga Nebraska. Wasa ɗaya kawai aka ci su a kakar, suka ɗauki kofi, suka maimaita a 2023. Hanyar Stanford ta fi wuya a yau, ta Texas kuma tana da nata haɗarin, domin duk baƙuwar da aka kawo ta tsallake wata 'yar gida da ta shekara biyu tana jiran gurbin, kuma sauran da ke benci suna kallo.

Ya kamata kuma a san iyakar abin. A 2025 Nebraska, a ƙarƙashin Busboom Kelly wadda ta gaji Cook, ta ci wasa 33 a jere, kuma ban ga bencin da ya kai nata a kakar ba. Texas A&M ta koci Jamie Morrison, wadda ginshiƙanta da yawa 'yan shekarar ƙarshe ne, ta je har Lincoln ta fitar da ita a zubi biyar, ta wuce ta ɗauki kofinta na farko. A wasan da wanda ya faɗi ya tafi gida, mutum bakwai ko takwas da suka saba da juna ne ke yanke hukunci. Benci shi ne ke kai ƙungiya Disamba da ƙafafunta lafiya, ya kuma sama mata matsayin da za ta karɓi baƙuncin wasannin farko a gida.

Idan kana son auna wata ƙungiya da kanka, kada ka tsaya ga yawan fitattun sunaye. Duba shekarun setocinta, ka ga ko ta biyun za ta iya riƙe wasa idan ta farko ta kwanta. Ƙirga waɗanda suka iya karɓar sabis ban da libero, domin ƙungiyar da ke da dogaye takwas da masu karɓa biyu tana da rami ko da jerin ya cika 18. Duba yadda azuzuwan suka rabu, saboda idan mutum shida za su gama a shekara ɗaya, koci zai shiga kasuwa ya cike gurabe shida a lokaci guda, kuma ba kowace shekara kasuwar ke da abin da yake nema ba. Ka kuma lura da lokacin da kake dubawa: ana buɗe rajistar sauya sheƙa a Disamba tun ana tsakiyar gasar ƙasa, a sake buɗe ta a farkon Mayu, saboda haka sai bayan nan ne jerin sunayen kaka mai zuwa ke zama abin dogaro.